Ƙarar Bindiga da Lafiyar Kunne: Abin da Shari'ar Dala Biliyan 6 Ta Fito da Shi Fili

A ƙarshen watan Agustan 2023 kamfanin 3M na Amurka ya amince zai biya dala biliyan 6 ga kimanin mutum 250,000, galibinsu tsofaffin sojoji, waɗanda suka ce jinsu ya samu matsala a bakin aiki. Abin da aka yi ta shari'a a kansa bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Wata 'yar robar toshe kunne ce mai suna Combat Arms, wadda aka riƙa raba wa sojojin ƙasar daga 2003 zuwa 2015, wato shekarun yaƙin Iraƙi da Afganistan. An tsara biyan kuɗin kashi-kashi har zuwa 2029.

Labarin ya raba kan masu sauraro gida biyu. Wasu sun yi mamakin yadda za a biya irin wannan dukiya saboda kunne, alhali wanda ya tafi fagen daga ransa ma ya sa a gaba. Wasu kuma suka ɗauka cewa tunda robar da babbar rundunar soja ta saya ba ta yi aiki ba, to toshe kunne gaba ɗayansa ɓata lokaci ne. Dukkan fahimtar biyu akwai gyara a cikinsu, kuma gyaran ba zai yiwu ba sai an san yadda ake auna ƙara, da irin ɓarnar da take yi a cikin kunne.

## Desibel, da abin da ke ruɗarwa a lissafinsa

Da desibel ake auna ƙarfin sauti. Hirar mutum biyu a zaure tana kaiwa wajen desibel 60. Injin niƙa, idan mutum ya tsaya dab da shi, yakan haura 85 nesa ba kusa ba. Hukumar NIOSH, mai binciken lafiyar ma'aikata a Amurka, ta ce kada ma'aikaci ya wuce awa 8 a rana cikin ƙarar da ta kai 85, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokaci biyu: awa 4 a 88, awa 2 a 91, minti 15 kacal a 100.

Ma'aunin ba irin na mudu ba ne, inda mudu biyu ya ninka mudu ɗaya. Ƙarin desibel 10 yana nufin ƙarfin sautin ya ninka sau 10, ƙarin 20 kuwa sau 100. Saboda haka tazarar da ke tsakanin 140 da 160 ba ƙarama ba ce, duk da cewa a rubuce lambobin maƙwabta ne.

Harbin bindiga yana da nasa babi dabam, domin ƙararsa ba mai ɗorewa ba ce kamar ta inji. Fashewa ce guda, tana tashi ta sauka kafin ƙiftawar ido. Ga irin wannan sauti, iyakar da hukumomin lafiyar ma'aikata da Hukumar Lafiya ta Duniya suka yanke wa babban mutum ita ce desibel 140, ko da sau ɗaya ne. Ga yara Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauko da iyakar zuwa 120. Ƙaramar bindigar harbin tsuntsu mai harsashin .22 tana tsayawa a wajajen 140, wato a kan iyakar kanta. Bindigar farauta mai baki biyu, da bindigar hannu, da bindigogin soja irin su AK-47 duk suna kai wa tsakanin 155 da 170 a kunnen mai harbi. Gajartar bakin bindiga tana ƙara wa ƙarar kaifi, haka nan harbi a cikin ɗaki, ko cikin mota, ko a lungu, ko tsakanin duwatsu, inda sautin ke bugun bango ya dawo.

## Abin da ke faruwa a can ciki

Sauti yana shiga ramin kunne ya kaɗa dodon kunne, wani siririn tantani. Dodon kunne ya miƙa motsin ga wasu ƙananan ƙasusuwa uku, su kuma su tura shi cikin wani murɗaɗɗen bututu mai kama da katantanwa, cike da ruwa. A cikin wannan katantanwa akwai ƙwayoyin halitta kimanin 15,000 a kowane kunne, kowacce da 'yan siraran gashi a kanta. Idan ruwan ya motsa gashin ya lanƙwasa, sai saƙo ya bi jijiya ya tafi ƙwaƙwalwa. Abin da muke kira ji ke nan.

Manomi zai fi kowa saurin gane abin da ƙara ke yi wa wannan gashi. Idan iska mai ƙarfi ta bi ta kan gonar gero, wani karan yakan kwanta ya miƙe bayan kwana biyu, wani kuma ya karye daga tushe. Wanda ya kwanta shi ne dum ɗin da mutum ke ji bayan harbi, kunne ya toshe, muryoyi su yi nisa, sannan abin ya washe zuwa gobe ko jibi. Wanda ya karye kuwa ya tafi ke nan. Tsuntsaye da kifaye sukan sake tsiro da waɗannan ƙwayoyi idan sun mutu, amma ɗan Adam da adadin da aka haife shi da shi zai ƙare rayuwa. Har yanzu babu allura ko ƙwaya ko tiyatar da ke dawo da su.

Kunne yana da ɗan garkuwarsa. Akwai wata ƙaramar tsoka da ke ɗaurewa idan ƙara ta yi yawa, ta rage motsin ƙasusuwan nan. Matsalar ita ce tana buƙatar ɗan lokaci kafin ta ɗaure, ƙarar harbi kuwa ta riga ta shiga ta gama ɓarnarta kafin tsokar ta motsa.

Wani bincike da Sharon Kujawa da Charles Liberman suka wallafa a 2009 daga birnin Boston ya ƙara dagula lissafin. Sun sa ɓeraye cikin ƙara mai ƙarfi, jinsu ya ragu, bayan kwanaki ya dawo daidai a ma'auni. Da suka duba cikin kunnen sai suka tarar mahaɗa da yawa tsakanin ƙwayoyin gashin da jijiyar ji sun tsinke, kuma ba su sake haɗuwa ba. Ana ci gaba da nazarin yadda abin yake a jikin mutane, amma ya isa ya sa a daina ɗaukar washewar kunne a matsayin shaidar cewa babu abin da ya faru.

Fashewar dodon kunne, wadda mutane suka fi tsoro, ba ita ce babbar matsalar ba. Takan faru ne a kusa da bam ko babban makami, kuma sau da yawa tantanin yakan haɗe da kansa cikin makonni. Ɓarnar da ba ta warkewa ita ce wadda ba ta zubar da jini, ba ta kuma yin zafi.

## Dalilin da ya sa mai harbi ne ƙarshen ganewa

Ƙara ba ta cinye ji gaba ɗaya a tashi guda. Tana fara wa da siraran sautuka, waɗanda ke kaɗawa sau 3,000 zuwa 6,000 a sakan, musamman wajen 4,000. A takardar gwajin ji wurin yakan fito kamar rami a tsakiyar layi, kuma da likitan kunne ya gan shi zai tambayi mutum irin aikin da yake yi.

A wannan yanki baƙaƙe irin su s, sh, ts da f suke zaune. Wasula da karin sautin magana suna can ƙasa, inda ƙarar ba ta cika taɓawa da wuri ba. Shi ya sa mutum zai ji muryar matarsa sarai, ya ji tashi da saukar maganarta, amma ya kasa bambance "tsaya" da "saya", ko "fara" da "sara" da "shara". A ɗaki shiru yakan cike gurbin da hasashe. A kasuwa, ko wurin ɗaurin aure, ko cikin motar haya, sai abin ya gagara. Ba ya cewa ba ya ji. Cewa yake yi mutanen yanzu ba sa buɗe baki su yi magana. Iyalinsa ne ke fara lura da yawan "na'am?" da "me ka ce?", da ƙure rediyo, da yadda ya soma janye jiki daga majalisa.

Akwai kuma alamar da ta keɓanta da masu doguwar bindiga. Wanda ke ɗora gindin bindiga a kafaɗar dama yakan karkata kai, kunnen dama ya ɓuya a jikin kafaɗa, na hagu ya fuskanci bakin bindiga. Don haka na hagun ne ke fara lalacewa. Bahago kuma nasa na dama ne. Tunda ɗaya kunnen yana ɗauke wa ɗaya nauyi, shekaru sukan wuce kafin mutum ya farga.

Sai kukan kunne: wani sauti kamar busa, ko kukan gyare, ko shuuu, wanda babu mai jin sa sai mai shi. Duk wanda ya taɓa shan kwinin, maganin zazzaɓin cizon sauro, ya san ɗanɗanonsa na 'yan kwanaki. Ga wanda ƙara ta ji wa rauni yana iya zama abokin zama na dindindin, ya fi tsananta da dare idan gari ya yi tsit, ya hana barci, ya kawo saurin fushi. A Amurka kukan kunne ne kan gaba a jerin lalurorin da ma'aikatar tsofaffin sojoji ke biyan diyya a kansu, da mutum sama da miliyan 2, raunin ji kuma yana da sama da miliyan 1.

## Yadda shari'ar 3M ta kasance

Kamfanin Aearo Technologies ne ya ƙera robar, 3M kuma ya saye shi a 2008. Tana da kai biyu. Idan soja ya cusa kai mai duhun kore, ya toshe kunne gaba ɗaya, kamar lokacin da yake cikin tankar yaƙi ko kusa da jirgi. Idan ya juya ya cusa rawayan kai, akwai wata 'yar kafa da ke barin magana da ƙaramin motsi su wuce, amma ta tare ƙarar fashewa. Dabarar tana da kyau, domin ita ce ainihin buƙatar soja.

Masu ƙara sun ce robar ta yi gajarta, ba ta shiga ramin kunnen wasu mutane yadda ya kamata, kuma leɓen kan da ke waje yakan tokare kunne ya sassauta ta a hankali ba tare da mai sanye da ita ya ji ba. Babbar hujjarsu wani rahoton cikin gida ne na shekarar 2000, inda injiniyoyin Aearo suka rubuta cewa sai an naɗe leɓen waje baya kafin a samu toshewa mai kyau a wasu kunnuwan. Sun ce an ɓoye wa sojoji wannan bayani.

3M ya musanta. Matsayinsa shi ne robar tana aiki idan an sa ta daidai, cewa tare da jami'an soja aka tsara ta kuma su suka nemi a gajarta ta, cewa an sanar da su batun naɗe leɓen, kuma koyar da sojoji yadda ake sawa aikin rundunar ne. Ya ƙara da cewa soja yana haɗuwa da ƙara ta hanyoyi da yawa, ba kowane raunin ji za a ɗora wa roba guda ba. Ya nemi kotu ta ba shi kariyar da doka ke bai wa ɗan kwangilar da ya bi tsarin gwamnati, alƙaliya M. Casey Rodgers ta ƙi a 2020.

Asirin ya fara fitowa ne ta hannun wani kamfani abokin gasa, Moldex-Metric, wanda ya kai ƙara a madadin gwamnati. A watan Yulin 2018 3M ya biya gwamnatin Amurka dala miliyan 9.1 aka rufe wannan babin, ba tare da ya amsa laifi ba. Daga nan ƙararrakin sojoji suka ɓarke, aka tattara su a kotun tarayya da ke Pensakola a jihar Fulorida, har suka zama tarin ƙararraki mafi girma da aka taɓa haɗawa wuri guda a kotunan tarayyar ƙasar. Mai karatu zai iya tambayar me ya hana sojojin kai gwamnati ƙara. Wani hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 1950 ne ya rufe wannan ƙofa: soja ba ya ƙarar gwamnati kan raunin da ya samu a bakin aiki. Kamfani ne kaɗai ya rage a fili.

An zaɓi shari'u 16 aka gwada su tsakanin 2021 da 2022. Masu ƙara suka ci 10, kamfani ya ci 6. A ɗaya daga ciki an yanke wa tsohon soja guda dala miliyan 77.5. A 2022 Aearo ya garzaya wata kotu ya ce ya karye, matakin da zai iya tsayar da shari'un, amma a watan Yunin 2023 alƙali ya kori wannan buƙata. Wata biyu bayan haka aka yi sulhu, kuma a nan ma 3M bai amsa laifi ba. Idan aka raba dala biliyan 6 ga mutum 250,000, kowa zai tashi da wajen dala 24,000 kafin lauyoyi su cire nasu, kodayake ba rabon daidai aka yi ba, an bi girman rauni da ƙarfin takardun kowa.

Sakamakon 10 da 6 ya nuna ba kowane zama ne hujja ta rinjaya gefe guda ba. Abu ɗaya ne ɓangarorin biyu ba su yi jayayya a kansa ba: matoshin da ya sassauta, ko da kaurin farce ne, ya bar ƙofa a buɗe. Gardamar ita ce wa ke da alhakin sassautawar.

Ba Amurka ce farau ba. A shekarun 1990 dubban sojojin ƙasar Ailan sun kai gwamnatinsu ƙara kan kurumta, domin su dokarsu ba ta hana ba, kuma diyyar ta ci kimanin Yuro miliyan 300.

## Gaba kura, baya sayaki

Wanda bai taɓa riƙe bindiga ba yakan ga kamar taurin kai ne ke hana mutane toshe kunne. Hujjar masu ƙi ba ta banza ba ce. Soja a sintiri da kunnensa yake gane inda harbi ya fito, da shi yake jin umarni, da shi yake jin takun da ke bayansa. Maharbi da kunnensa yake jin motsin gada a ciyawa da tashin fakara. A wurinsu toshe kunne kamar rufe ido ɗaya ne a wurin da kuskure ke cin rai. Ga zafi da gumi, ga kuma ganin da wasu ke yi cewa rashin jarumta ne.

Likitocin kunne suna amsawa da cewa hujjar tana cin kanta. Harbi na farko da aka yi babu kariya yana sa kunne ya yi dum na awoyi, wato a daidai lokacin da ake tsananin buƙatar ji, an riga an rasa shi. Bayan shekaru kuma abin ya zauna, sai ga maharbin da ba ya jin motsin ciyawa ko da kunnensa a buɗe. Sun kuma nuna cewa kaso mai yawa na harsasan da soja ko ɗan sanda ke harbawa a filin atisaye ne, inda babu abokin gaba, babu kuma uzurin barin kunne a buɗe. A wannan gaɓar hujjar likitoci ta fi ƙarfi. A tsakiyar artabu kuwa matsalar ta gaske ce, kuma maganinta kayan aiki ne da suka dace, ba wa'azi ba.

Akwai wata muhawarar a kan salansar bindiga, wato bututun da ake ɗaurawa a bakinta don rage ƙara. Tana rage desibel 20 zuwa 35, abin da ke sauko da bindigar 165 zuwa wajen 135 ko 140. Ba ta mayar da harbi shiru kamar yadda ake nunawa a fina-finai. A Finlan da Norwe mafarauta suna amfani da ita a matsayin kayan aiki na yau da kullum. A Amurka tana ƙarƙashin dokar rajista tun 1934, masu goyon baya suna cewa kayan kare lafiya ce, masu adawa suna cewa tana wahalar da gane inda harbi ya fito idan ɓata-gari ya samu. Rundunar sojan ruwan ƙasar masu yaƙi a tudu ta fara raba ta ga dakarunta a ƙarshen 2020.

## Kayan kariya da lambar da ke jikin kwali

Mafi arha shi ne matoshin soso, wanda ake murzawa a cusa. Sai na roba mai leɓe-leɓe da ake wankewa a sake sawa. Sai marufi mai kama da kofi biyu da ke rufe kunne gaba ɗaya. Sai na lantarki, mai ɗauke da makirufo da ke ƙara wa ƙaramin sauti ƙarfi amma ya datse duk abin da ya haura wajen desibel 85. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi kusa da warware matsalar soja da maharbi, sai dai tsada da batir.

A jikin kwali akan ga lambar da ke nuna yawan desibel ɗin da matoshin ke ragewa, alal misali NRR 33, wadda ita ce kusan ƙololuwar abin da soso ke kaiwa. A ɗakin gwaji aka samo ta, inda gwani ya sa wa mutum matoshin da hannunsa. A wurin aiki abin da ake samu yakan gaza haka sosai, shi ya sa NIOSH ta ce a zabge rabin lambar soso, a zabge kashi ɗaya cikin huɗu na lambar marufi. Bindigar 165 da matoshin da ya rage 30 ta sauko 135, ƙasa da iyaka. Da wanda aka maƙala a bakin kunne ya rage 10, tana nan a 155.

Saboda haka ake ba masu harbi shawarar haɗa biyu, soso a ciki, marufi a waje. Lambobin ba sa taruwa, 30 da 25 ba su zama 55. Ƙarin da ake samu wajen desibel 5 ne a kan wanda ya fi ƙarfi, kuma akwai iyakar da ba a wucewa domin wani sautin ta ƙashin kai yake bi. Amma a wannan ma'auni desibel 5 ya rage fiye da rabin ƙarfin da ke isa ciki.

Sa soso yana da ƙa'ida. A murza shi da yatsu masu tsabta har ya sirance, a zagayo da ɗaya hannun ta bayan kai a ja kunne sama da baya don ramin ya miƙe, a cusa, a riƙe da yatsa wajen sakan 30 har ya kumbura. Idan ya zauna, mutum zai ji muryarsa ta yi kauri a cikin kansa, kuma wanda ya dube shi ta gaba da ƙyar zai hango soson. Marufi kuma hula, da rawani, da ƙafar tabarau duk suna iya ɗaga shi su bar kafa. Busasshiyar auduga ko tsumma ko takarda kusan ba sa tare komai, illa su sa mutum ya saki jiki.

## Maharba, 'yan sa-kai da 'yan kallon hawa

Shari'ar a Amurka aka yi ta, amma kunne ɗaya ne ko'ina. A ƙasar Hausa akwai maharba masu bindigar toka da suka gaji sana'ar iyaye da kakanni. Akwai 'yan ƙato da gora da suka taso a Maiduguri a 2013, da rundunar tsaron al'umma da Katsina ta ƙaddamar a 2023, da Askarawan Zamfara na 2024, ban da sojoji da 'yan sanda da suka shafe shekaru a fagen fama. Yawancinsu matasa ne, kuma raunin da aka ɗauka a shekara 25 sai a shekara 45 yake bayyana sosai, lokacin da tsufa ya fara ɗora nasa a kai.

Bindigar toka tana da nata haɗarin, domin babu ma'auni tsayayye na albarushin da ake ɗura mata, kuma a wurin biki akan cika ta da gangan don ta yi amo. A hawan sallah 'yan bindigar sarki sukan yi harbi a tsakiyar jama'a, ga yara a kafaɗun iyayensu. Ga ɗan kallo nisa ne kariya. A fili, duk lokacin da tazara ta ninka, ƙara tana raguwa da desibel 6. Bindigar da ta kai 160 a nisan mita 1 tana 142 a mita 8, tana 136 a mita 16. Kafin ta sauko zuwa iyakar yara ta 120, a lissafi sai an yi nisan mita 100. Idan matsawa ba ta yiwu ba, danne ƙofar kunne da yatsa sosai kafin a harba yana rage ƙara ƙwarai, ya fi auduga nesa. Jariri kuwa ba shi da hannun da zai yi wa kansa haka.

Ta fuskar doka, Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta Najeriya ta 2010, wadda hukumar NSITF ke gudanarwa, ta ware sashe guda kan raunin ji da aka samu a wurin aiki. Sai dai ba ta shafi sojoji ba, maharbi mai zaman kansa kuma ba ma'aikacin kowa ba ne. Ta fuskar magani, rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya ce kashi 78 cikin 100 na ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ba su da likitan kunne, hanci da maƙogwaro ko guda ga kowane mutum miliyan 1. Akwai Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna, akwai sassan kunne a asibitocin koyarwa, amma na'urar taimaka wa ji tana da tsada, tana cin batir, kuma ƙara sauti take yi, ba ta mayar da kunne yadda yake. Idan aka auna wannan da kuɗin matoshin soso, bambancin a bayyane yake.

## Idan an riga an yi harbin

Wanda kunnensa ya toshe ko ya kama kuka bayan harbi, abu na farko shi ne ya nisanci ƙara, ya bar kunnen ya huta. Idan kwana ɗaya zuwa biyu suka wuce bai washe ba, ko ji ya ɗauke a kunne guda, ko akwai jiri, ko jini, ko ruwa na fita, to asibiti za a nufa ba tare da jira ba. Maganin rage kumburi da likitoci kan bayar a irin wannan hali ya fi tasiri a kwanakin farko, bayan makonni amfaninsa yakan ragu sosai. Ɗiga mai, ko ruwan albasa, ko wani tsimi a kunnen da wataƙila dodonsa ya huje yana iya shigar da ƙwayar cuta ciki. Kukan kunne ba shi da maganin da ke kashe shi, amma ɗan sauti mai laushi da dare, kamar fanka ko rediyo ƙasa-ƙasa, yana rage damuwarsa, kuma ga mai raunin ji na'urar taimaka wa ji takan danne shi.

Gwajin ji ba ya ɗaukar lokaci, ba ya kuma zafi: mutum ya sa abin sauraro, ya ɗaga hannu duk lokacin da ya ji ƙaramin sauti. Amfaninsa ya fi yawa idan akwai na farko da za a kwatanta da shi, wanda aka yi kafin mutum ya fara riƙe bindiga. Rundunar sojan Amurka tana yi wa dakarunta wannan gwaji tana adana sakamakon, kuma da aka zo rabon kuɗin 3M, waɗannan takardun na lokacin shiga aiki da na bayansa aka riƙa dubawa don a tantance wanda jinsa ya ragu da kuma gwargwadon raguwar.